Gwajin Gwiwa

Da uban Mai Tayil ya rasu, abu biyu ya bari a gidan waɗanda ba wanda ya san yadda za a raba su: doki ɗaya da tsoho ɗaya. Dokin ana ce masa Bidi, saboda launinsa. Tsohon kuwa kowa Baba yake ce masa. Shi ke kula da dawakin gidan tun kafin a haifi Mai Tayil. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ba shi da ɗa, ɗakinsa kuma yana jikin barga, bango ɗaya ne tsakaninsa da dokin. Da yake Mai Tayil ne ya riƙe gidan, sai su biyun suka faɗa hannunsa.

Mai Tayil ba mugu ba ne. Ciwonsa guda ne, irin wanda ke kama mutum idan ya iya abu ɗaya da kyau: sai ya ɗauka ya iya komai. Shekara goma sha biyar yana sayar da tayil yana kuma shimfiɗa wa mutane. In ya shiga gidanka, ƙasa yake fara kallo kafin ya kalli fuskarka.

Bargar da ya gada kuwa daɓen jar ƙasa ne, an buge shi ya yi tauri, da ɗan gangare zuwa ƙofa. A kan daɓen akwai yashi, a kan yashin akwai dusar katako da Baba ke ɗebowa buhu-buhu daga wurin kafintoci. Duk ranar da Baba ya zuba sabuwar shimfiɗa, sai ya tsaya a tsakiya, ya saki jikinsa, ya faɗi a kan gwiwoyinsa biyu. In ya ji zafi, ya ƙara buhu. In ya tashi ya ga gwiwar wandonsa ta jiƙe, ya kwashe duka ya sake sabuwa. Wurin marigayi ya koya. Mai Tayil tun yana ƙarami yake ganin haka yana dariya, da ya girma kuma sai abin ya koma ba shi kunya.

Wata rana ya shigo da wani abokin cinikinsa don ya nuna masa dokin. Mutumin ya tsaya a bakin ƙofa, ya toshe hanci da hularsa, ya ce, “Haba Mai Tayil! Kai da ke gyara wa duniya ƙasa, ga taka kamar ta gidan kaji?”

Wasa ya yi, ya kuma manta kafin ya kai mota. Mai Tayil bai manta ba. Kwana uku bayan haka ma'aikatansa suka shigo da diga da shebur.

Baba ya tare shi a ƙofar barga ya ce, “Auta, me za a yi?”

“Gyara za a yi. Tayil fari, mai ƙyalli, wanda ya fi kowane a shagona. Za a sa magudana a tsakiya, a jawo tiyo. Minti biyar ka wanke. Na hutar da bayanka ke nan.”

“Bayana bai kai maka ƙara ba. A kan me zai kwanta?”

Mai Tayil ya yi dariya. “Baba, ko ɗan firamare ya san doki a tsaye yake barci.”

“Yana gyangyaɗi a tsaye. Barci kuwa sai ya kai haƙarƙarinsa ƙasa. Auta, santsi ba ya yi wa kofato.”

Ma'aikata sun dakata suna saurare, ɗaya har yana murmushi. Wannan ne ya ɓata wa Mai Tayil rai, ba maganar dokin ba. Ya ce, “Kuma ka daina ce mini Auta a gaban mutane. Ni ne maigida yanzu.”

Baba ya dube shi. Ya ce, “To, maigida.” Daga ranar bai sake kiransa da wani suna ba.

Aka kwashe tsohuwar ƙasar da yashinta da dusarta, aka jibge a filin da ke bayan katanga, inda Mai Tayil ke ajiye kwalayen kaya, makullin wurin kuma yana aljihunsa. Tsakar gida dama tun bara an shafe ta da siminti. Aka shimfiɗa tayil, aka yi kyau. Gaskiya ce an yi kyau: in ka leƙa, fuskarka kake gani a ƙasa.

A kwana na biyu Baba ya zuba dusar katako a kai ba tare da ya tambaya ba. Da aka zo wanki dusar ta bi ruwa ta toshe magudana, ruwa ya kwanta har bakin ƙofa. Mai Tayil ya yi faɗa kamar zai ari baki, ya hana a sake shigo da ko tsinke. Baba ya roƙi makullin fili, ya ce ko da rana ne a bar dokin ya ɗan yi birgima. Aka ce masa akwai kaya masu fashewa a wurin. Ya sake roƙo, aka ce ya cika naci.

Abin da ya fi faranta wa Mai Tayil rai shi ne jikin dokin. A da kullum da safe sai ka ga Baba da mataji yana tsefe dusa daga wutsiyar Bidi da gezarsa, yana kakkaɓe ƙasa daga gefen cikinsa. Yanzu babu. Doki tas, kamar an fito da shi daga kwali. Duk baƙon da ya zo sai Mai Tayil ya shafa gefen cikin ya nuna masa tafin hannu ya ce, “Duba nan. Ko ƙura babu.”

Sai raunuka suka fara. Da farko gwiwar dama ta gaba ta ɗaye, sai ta hagu, sai ƙasan ƙwauri wajen kofato. Wata safiya aka ga leɓensa ya tsage. Dokin da ke haniniya in ya ji motar maigida ya koma tsayawa shiru, kai a sunkuye, ido ya faɗa.

Mai Tayil ya tambaya, Baba ya ce, “Faɗuwa yake yi, maigida.”

“Doki mai ƙafa huɗu ya faɗi yana tsaye? Sai dai in ka da shi ake yi.”

“Na gaya maka abin da na gani.”

Mai Tayil ya juya maganar a ransa, ta ba shi amsar da yake so. Tsoho ya ji haushin an ƙi shawararsa, yana huce haushin a kan dabba, don a ce tayil ne. Mutum idan yana tsoron laifinsa, ba ya rasa wanda zai ɗora wa. Kuma bai bar zargin a cikinsa ba. Ya faɗa wa ma'aikatansa a shago. Ya faɗa wa telan da ke bakin layi, wanda faɗa masa magana daidai yake da sa ta a rediyo. Kafin kwana biyu, in Baba ya fita sayen harawar doki, sai a yi shiru har ya wuce.

Ranar da ya faɗa wa tsohon ido da ido, Baba bai yi rantsuwa ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ni? Bidi?” Shi ke nan.

“Ka haɗa kayanka. Jibi zan sa a kai ka duk inda kake so.”

Dukansu sun san babu inda yake so, babu kuma inda zai je.

Yayar Mai Tayil, wadda ta goya shi yana jariri, ta ji labari a bakin tela. Ta zo ranar da wa'adin ya cika, da hantsi, ko zama ba ta yi ba.

“Auta, gaskiya ne abin da na ji, ko kunnena ne ya tsufa?”

“Yaya, ba ki ga dokin ba.”

“Na ga tsohon. Ga jakarsa can a ɗaure a ƙofar ɗaki. Mutumin da ya koya maka ɗaura mazagin wando?”

“Shi ya sa na kira likitar dabbobi. Ta duba a gabanki, ta faɗa da bakinta cewa duka ne, kada gobe a ce na yi zalunci.”

“Au, ka yanke hukunci, yanzu kake neman shaida. Sannu, alƙali.”

Likita ta iso rana na tsaka. Mace ce gajera, mai takalmin roba, ba ta da yawan gaisuwa. Tana sa ƙafa a barga takalminta ya zame, sai da ta dafa bango. Ta dubi ƙasa, ta dubi Mai Tayil.

“Nan ne barga, ko banɗakin otal?”

Yaya ta ce, “Faɗa masa, 'yar nan. Mu bakinmu ya yi tsami.”

Likita ta tsuguna gaban Bidi. Ta kwance tsummokaran da Baba ya ɗaura masa a gwiwa, ta duba dama, ta duba hagu, ta taɓa ƙasan ƙwauri, ta ɗaga leɓe. Ta zagaya ta shafa baya da cinya da wuya.

“Ka ce duka ne?”

“Ai ga shi kina gani.”

“Ina gani. Baya lafiya, cinya lafiya, wuya lafiya. Wane mai duka ne zai tsuguna ya zaɓi gwiwa biyu, ya auna daidai wa daida? Ku ɗan ja baya, ku yi shiru. Ina so in kalle shi.”

Suka koma bakin ƙofa su huɗu. Rana ta yi zafi, gari ya yi tsit, ba ka jin komai sai ɗigon ruwa daga bakin tiyo. Mai Tayil ya dubi agogo. Yana shirin cewa yana da abin yi, sai ya ga idon Bidi ya lumshe. Leɓen ƙasa ya saki. Kai ya fara sauka a hankali, a hankali, har hanci ya kusa taɓa tayil. Jikin ya karkata baya kamar wanda ake ja da igiya.

Sai ƙafafun gaba suka lanƙwashe a ƙarƙashinsa.

Ƙarar da gwiwoyin suka yi a kan tayil, Mai Tayil a haƙoransa ya ji ta. Baki ya bugi ƙasa. Dokin ya farka a firgice, ya yunƙura zai tashi, kofato ya zame, ya sake yunƙurawa, ƙafafu huɗu suna ta kartar santsi kowace ta kama gabanta, idanu sun fito fari. Yaya ta ɗora hannu a ka tana salati. Baba ne kaɗai ya motsa. Ya shiga da gudu irin na tsofaffi, ya cire rigarsa ya jefa ƙarƙashin kofaton gaba, ya kama ragama yana cewa, “Yi haƙuri, yi haƙuri, ɗan gidana, tashi.” Kofato ya sami abin kamawa, dokin ya miƙe yana rawar jiki. Jini ya ja layi biyu a kan farin tayil.

Ba wanda ya taɓa shi. Mai Tayil yana tsaye, ya gani da idonsa, ba wanda ya taɓa shi. 

Likita ta ce, “Baba, yaushe rabonsa da kwanciya?”

“Yau kwana ashirin da uku.”

“Ashirin da me?” in ji Yaya.

“Da uku. Ranar farko ya kwanta. Da ya zo tashi, ƙasa a jiƙe, ya yi irin wannan da kuka gani. Tun daga nan ya ji tsoro.”

Mai Tayil ya juya ga Baba. “Ta yaya ka san bai kwanta ba? Ba kullum kake tsaye a kansa ba.”

Baba ya kama wutsiyar dokin ya ɗaga masa. “Dokin da ya kwana a ƙasa, da safe jikinsa ke faɗa. Dusa a wutsiya, datti a gefen ciki. Ko a kan tayil ɗin nan ya kwanta, da ka ga tabon kashinsa a jikinsa. Kwana ashirin da uku matajina bai ciro komai ba.”

Mai Tayil ya dubi tafin hannunsa. Da wannan hannun ya riƙa shafa gefen cikin yana nuna wa baƙi. Ko ƙura babu. Sau nawa ya faɗa? Ashe azabar dabbar yake nuna wa mutane yana washe baki.

Likita ta buɗe jakarta tana wanke raunin, tana magana ba tare da ta ɗago ba. “Doki yana iya gyangyaɗi a tsaye, gaskiya ne. Amma akwai barci mai nauyi da ba ya samuwa sai ya kwanta, ko na ɗan lokaci ne. In ya daɗe bai samu ba, barcin zai zo ya same shi a tsaye, ya ka da shi. Abin da ka gani ke nan. Da an ƙara kwanaki a haka, da wata rana gwiwar ta fashe, sai dai a yi wani zance.”

“To me zan sa?” Mai Tayil ya ji muryarsa ta koma ta yaro.

“Me aka cire?”

Baba ya faɗa mata: jar ƙasa bugaggiya, yashi, dusar katako.

“Ka mayar. In kuma dole sai ka yi abin zamani, ka yi siminti mai kaushi da gangare, ka ɗora tabarmar roba mai kauri, sannan dusa a kai, da yawa, ba yayyafi ba. Dusar ta zama busasshiya, kada ta zama ta katakon da aka shafa wa maganin gara. Abinci kuma a cikin kwami, kada ya riƙa lasar yashi. Amma ban san me ya sa kake tambayata ba, ga wanda ya sani a gidanka.”

“Kaurin dusar kamar yaya? Inci nawa?”

Yaya ta yi wata dariya marar daɗi. “Inci! Ubanmu bai taɓa riƙe tef ɗin awo ba. Ka manta yadda yake aunawa? Gwada naka mana. Kai ka shimfiɗa, ka ce ya fi kowane a shagonka. Gwada.”

Yana iya ƙi. Ba wanda zai tilasta shi. Amma ya shiga tsakiyar barga, kusa da layin jinin, ya tsaya. Bai durƙusa a hankali ba, don ya san ba haka ake yi ba. Ya saki jikinsa.

Zafin ya tashi daga gwiwa ya bi ƙashin baya ya fito ta ido. Sai da ya dafa ƙasa da hannu biyu, hawaye suka zubo ba da izininsa ba. Shi da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin dokin ba, kuma sau ɗaya tak. Da ya ɗago kai, sai ya ga ƙafafun Baba a gabansa, tsofaffin silifa, da tsohon tsaye ba riga. Bai yi niyyar durƙusa masa ba, amma tunda ga shi a durƙushe, bai tashi ba.

“Baba, na zalunce ka.”

Baba ya dubi dokin. Ya miƙa hannu ya ce, “Makullin fili.”

Aka buɗe fili. Tsohuwar ƙasar tana nan a jibge a gefen kwalaye, ta bushe, ta baje. Baba ya jawo Bidi a hankali, ya saki ragama. Dokin ya sunsuna, ya karta da kofato sau biyu, ya zagaya. Sai ya naɗe ƙafafu ya sauka, ya yi wani dogon nishi, ya mirgina ya miƙe a kan haƙarƙarinsa, kai a ƙasa, ƙafafu a sandare. Bai ƙara motsi ba.

Mai Tayil ya zabura. Ya kama hannun likita. “Ya mutu! Wayyo, na kashe shi!”

“Sake ni, malam. Dubi cikinsa.”

Cikin yana hawa yana sauka. Can sai ga minshari, mai kauri, kamar na ƙaton da ya yini yana dako. Kunne yana ɗan rawa, kofaton baya yana motsi kaɗan-kaɗan.

Yaya ta share ido da gefen mayafi. “Garin neman gira ka kusa rasa ido, Auta. Doki ya samu. Saura mutum.”

Mai Tayil ya ɗingisa zuwa wurin Baba. “Ka kwance jakar nan, don Allah. Ɗakinka naka ne har iyakar rai.”

Baba yana kallon dokin, ba shi ba. “Ɗaki ba shi ne ba. Shekara arba'in ina bin layin nan, ba wanda ya taɓa yin shiru don na wuce. A shago ka faɗa, a wurin tela ka faɗa. A nan kuma mutum uku ne suka ji ka ce ka yi zalunci.”

“Zan je.”

“Yanzu tela yana nan. Da yamma yakan tafi kasuwa.”

Ya tafi a lokacin, da ƙafa, yana ɗingishi, da tabon jinin doki a gwiwar wandonsa. Ya tsaya a ƙofar tela, a gaban masu jiran ɗinki, ya faɗi abin da ya faru ba tare da ya rage ba. Tela ya tsayar da keke, baki buɗe. Daga nan ya wuce shago, ya tara ma'aikatan da suka tsaya saurare ranar farko, ya maimaita. Ba abu ne mai daɗi ba, kuma bai kamata ya yi daɗi ba. Wanda ya ɓata suna a kasuwa, a kasuwa zai wanke shi.

Da ya dawo, da diga a kafaɗarsa ya dawo. Likita ta tafi. Yaya tana zaune a kan kwali tana yi wa dokin fifita da murfin wani kwalin don ƙudaje. Jakar Baba tana nan a ƙofar ɗaki, amma an kwance bakinta, mataji yana hannun tsohon, yana zaune a ƙasa kusa da wutsiyar Bidi yana jira.

Mai Tayil ya shiga barga, ya zaɓi tayil ɗin da ke da jini, ya ɗaga diga sama.

“Maigida,” in ji Baba daga fili, da murya ƙasa-ƙasa.

Ya tsaya da diga a sama. Ya so a ce ɗaya sunan ya ji. Ya gane cewa wannan ba yau ba, wataƙila ba bana ba.

“Na'am, Baba.”

“Ajiye tukuna. Barci yake.”

Ya sauke digar a hankali, ya jingine ta da bango yadda ƙarfen ba zai yi ƙara ba, ya fito ya zauna a ƙasa nesa kaɗan da su, ya miƙe ƙafafunsa da suka fara kumbura.